Tsohuwar Kwamfutar Wasa: A Ƙara Mata Kaya Ko A Haɗa Sabuwa?

A farkon shekarar 2017, kamfanoni biyu da ke riƙe da kasuwar farosesa suka raba masu wasannin kwamfuta gida biyu. A watan Janairu kamfanin Intel ya fito da Core i7-7700K, mai ƙwayoyin aiki huɗu, wadda a lokacin babu mai ja da ita wajen wasa. A watan Afrilu AMD ya biyo da Ryzen 5 1600, mai ƙwayoyi shida. Ta fi araha, amma a yawancin wasannin wancan zamani tana bayan ta Intel. Yau idan aka ajiye kwamfutocin nan biyu a gaban ƙwararren mai gyara, ta AMD zai ce a ƙara mata kaya, ta Intel kuwa zai ce a haƙura da ita. Wannan nazari ya ɗauke su a matsayin misali domin ya nuna abin da ke yanke hukunci a irin wannan shawara, wato babban allon da aka dasa kayan a kansa, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, da yawan hanyar da ta rage masa.

Kowace farosesa tana da mazaunin da take shiga, kuma mazaunin ne ke faɗin iyakar abin da allo zai ɗauka. Mai i7-7700K yana kan mazaunin LGA1151, kuma tun ranar da ya saye ta ya riga ya taɓo rufin ɗaki. A watan Oktoban 2017 Intel ya fitar da zubi na takwas, mai ƙwayoyi shida, da adadin ƙafafu iri ɗaya, amma ya ce sai da sabon allo. Daga nan aka yi ta sauya mazauni: LGA1200 a 2020, LGA1700 a 2021, LGA1851 a 2024. Ita kuwa Ryzen 5 1600 tana kan AM4, mazaunin da AMD ya ɗora wa zubi bayan zubi. Ba a banza hakan ta samu ba. A 2020 kamfanin ya so ya hana tsofaffin alluna ɗaukar Ryzen 5000, masu saye suka yi ca a kansa, ya janye. A 2022 ya buɗe ƙofar har ga allunan farko irin su B350 da X370. A wannan shekarar ce aka fitar da Ryzen 7 5800X3D, wadda aka ɗora wa ƙarin ma'ajiyar kusa har ta kai megabait 96, abin da wasanni ke matuƙar so, sannan ƙanwarta 5700X3D ta biyo a Janairun 2024. Ke nan mutumin da ya sayi allo a 2017 yana iya dasa masa farosesar da ta ba tasa ta farko tazara mai nisa, ba tare da ya taɓa RAM ko allon ba.

Aikin sauya farosesar kansa yana son nutsuwa. Tun tsohuwar farosesa tana ciki ake sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon, domin sabuwar ba za ta tashi a kan tsohon tsari ba. Ana zuba fayil ɗin a filashi, a shiga BIOS, a bar shi ya gama, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya allon na iya mutuwa, don haka inda wuta ba ta da tabbas sai a jona injin da batir kafin a fara. Wajen cire fankar sanyaya ma akwai tarko. Man da ke tsakaninta da farosesa yakan bushe ya kama, idan aka fizga kai tsaye sai farosesar ta biyo ta, ƙafafunta su lanƙwashe. Masu hannu sukan bar injin ya ɗan yi aiki ya ɗumama, su kashe, sannan su murza fankar hagu da dama a hankali kafin su ɗaga.

Amma kafin a kai ga sayen komai, wajibi ne a gano wane sashe ne ke riƙe sauran. Nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗi, domin da zarar wasa ya fara sarƙewa sai a ɗora laifin kan katin hoto. Gwajin ba shi da wuya. A kunna manhaja irin MSI Afterburner ta riƙa nuna aikin kowane sashe a kan allon kallo yayin da ake wasa. Idan katin hoto yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, to shi ne ya gaza. Idan yana zaune a rabin ƙarfinsa, wasa kuma na tsinkewa a wurin cunkoson mutane ko faɗa, to farosesa ce ko ƙarancin RAM. Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan sauƙi: a rage girman hoton daga 1080p zuwa 720p. Idan yawan hotunan da ake samu a daƙiƙa bai ƙaru ba, sabon kati ba zai warkar da komai ba. Sau tari ma ciwon bai kai nan ba. Sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, kai RAM daga gigabait 8 zuwa 16 a sanda biyu, da kakkaɓe ƙurar da ta toshe fanka, sukan dawo da injin hayyacinsa da kuɗi kaɗan.

Katin hoto shi ne sashen da ya fi sauƙin sauyawa, kuma shi ne ya fi saurin tsufa. GTX 1060 na 2016 ya daɗe a saman ƙididdigar kayan aiki ta dandalin wasanni na Steam, kuma har yanzu yana ɗaukar wasanni marasa nauyi. Sai dai yanzu ba ƙarancin gudu kaɗai ke damunsa ba. Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 sun sharɗanta katin da ke da na'urar bin diddigin haske a jikinsa, abin da Nvidia ya fara sakawa a zubin RTX 20 a 2018. Shi ma Nvidia ya daina fitar wa zubin GTX 10 sababbin direbobin wasa daga ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro. To amma dasa sabon kati a tsohon allo yana da sharuɗɗan da ba kowane mai sayarwa ke faɗa ba. Radeon RX 6500 XT layuka huɗu kawai yake amfani da su, don haka a kan allo mai PCIe 3.0 yakan shaƙe. Katunan Intel Arc suna buƙatar tsarin Resizable BAR, wanda yawancin tsofaffin alluna ba su da shi. Sai kuma wuta: GTX 1060 wat 120 yake ci, RTX 3060 wat 170, RTX 4090 kuwa 450. A ganina, duk wanda zai sa kati mai tsada a kan akwatin raba wuta marar suna da ya shekara takwas yana aiki, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin idan akwatin ya ƙone ba lallai ya tafi shi kaɗai ba.

Wani matsin ya zo daga Microsoft. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, tallafin Windows 10 ya ƙare, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da farosesar Intel daga zubi na takwas ko Ryzen daga 2000 zuwa sama. Dukkan kwamfutocinmu biyu sun faɗi wannan jarrabawa. Bambancin shi ne ta AMD tana tsallakewa da zarar an sauya mata farosesa, ta Intel kuwa ba ta da abin sauyawa. Ana iya kutsawa ta bayan fage a ɗora Windows 11, amma masu tsaron wasannin intanet sun fara tsananta bincike: Valorant yana neman TPM 2.0 da Secure Boot a kan Windows 11, Battlefield 6 ma ba ya tashi sai an kunna Secure Boot.

Haɗa sabuwa na nufin sayen abu uku a tare: farosesa, allo, da RAM. Mazaunin AM5, wanda ya fito a Satumban 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, don haka tsohuwar DDR4 ba ta da wurin zama a can, ga shi farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025 saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke kwashe kayan. Abin da ake saye da wannan kuɗi shi ne hanya, tunda AMD ya yi alkawarin riƙe AM5 har 2027 ko fiye. Kuma ba dole ne a sayi komai sabo ba: akwatin waje, SSD, da katin hoto idan yana da sauran ƙarfi, duk suna iya ƙaura zuwa sabon gida.

Ga mai saye a Kano ko Legas, inda kayan ke shigowa da farashin dala, akwai rukuni na uku da ya kamata a ambata. Da yawa sun fara ne da tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex, suka dasa mata GTX 1650 da ba ya neman ƙarin waya saboda wat 75 ya ishe shi. Dabara ce mai kyau ga mai farawa, musamman mai dogaro da sola. Amma da yawa daga irin waɗannan injuna allonsu da akwatin wutarsu ƙirar kamfanin ce ta kansa, ba sa karɓar na kasuwa, saboda haka kuɗin da za a ƙara zuba musu bayan wannan mataki ba ya dawowa.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi ke nan. Mai allon AM4, ko LGA1700 da ke ɗauke da ƙaramar farosesa, ya ƙara kaya, ya ci moriyar injinsa wasu shekaru. Mai Intel zubi na bakwai zuwa ƙasa kada ya zuba kuɗi a farosesa ko RAM. Idan ya matsu, ya sayi katin hoto da SSD da zai iya tafiya da su, ya fara tara kuɗin sabon allo.