Hukuncin shiga ƙungiyar gama kai ta manoma mai karɓar tallafi

Tambaya: A garinmu manoma sun kafa ƙungiya domin a ba su tallafin injin ban ruwa da taki, su kuma riƙa haɗa amfanin gonarsu su sayar tare. Shin ya halatta in shiga? Kuma yaya zakkar abin da muka haɗa?

Amsa: Asalin irin wannan haɗin kai halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tattara shi wuri guda su raba daidai. Sai dai kafin ka sa hannu a takarda, ka bincika abin da ake kira tallafin, domin kalmar tana ɗaukar abubuwa biyu masu hukunci daban.

Na farko kyauta ce wadda ba a biya. Misalinta shirin Fadama da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi a Najeriya: a zango na uku, wanda aka amince da shi a 2008, a lokacin ƙungiya kan kawo kashi 30 cikin 100 na kuɗin kayan aiki kamar injin ban ruwa ko na niƙa, shirin ya cika sauran. Wannan hiba ce, karɓarta ya halatta ko da mai bayarwa ba Musulmi ba ne, domin Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Masar, matuƙar ba a gindaya sharaɗin da ya saɓa wa addini ba. Bashin da gwamnati ta ci don gudanar da shirin yana wuyan wanda ya ƙulla shi.

Na biyu bashi ne da aka lulluɓe da sunan tallafi. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne da aka fara bayarwa a kan kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100. Ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi haramun ne, kaɗan ne ko mai yawa, sai a nemi tsarin da ba ruwa ta hanyar bankunan Musulunci. Wanda kuma ya riga ya karɓa, ya tuba, amma uwar kuɗin tana kansa. Cewa "rabonmu ne na gwamnati" ba ya sauke bashi.

Inda aka fi zamewa shi ne bayan kaya sun iso. Injin da aka bayar da sunan mutum ashirin amana ne a hannun shugaba. Bai halatta ya kai shi gonarsa shi kaɗai ba, ko a sayar a raba kuɗin alhali an bayar ne da sharaɗin a yi noma. Cusa sunayen 'ya'ya da matan da ba sa noma don a cika adadi kuwa ƙarya ce, abin da aka ci da ita haram ne. Wajen haɗa amfani, a auna na kowa a rubuta kafin a zuba a sito, a ware mai kyau da mai tsakuwa. Idan kamfani zai saya tun kafin girbi, cinikin salam ke nan: a faɗi nau'i da awo da lokaci, a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko.

Zakka kuma, a mazhabar Malikiyya kowa rabonsa ake dubawa. Wanda nasa ya kai wusiƙi 5, wato sa'i 300, kimanin kilo 653 a ƙiyasin wasu malaman zamani, ya fitar. Wanda bai kai ba, babu komai a kansa ko da na ƙungiyar ya cika tirela. Shafi'iyya suna lissafa dukiyar da aka cakuɗa a matsayin guda. Noman damina ɗaya bisa goma ne, wanda aka shayar da inji ɗaya bisa ashirin. Shi injin kansa ba a yi masa zakka.

Allah ne mafi sani.