Tarihin Allurar Kashe Wuri, Daga Ganyen Koka Zuwa Tiyatar Rage Ƙiba

Yau so nake mu ɗan bi tarihin wani abu da kusan kowannenmu ya taɓa cin moriyarsa, wato allurar nan da likita ke yi wa mutum a kashe wuri guda a jikinsa, a cire masa haƙori ko a yi masa ɗinki, idonsa biyu amma ba ya jin zafi. Ni dai ɗan kasuwa ne, abin da na tattaro a karance-karancena zan kawo muku, kuma dalilin ɗauko maganar shi ne, a wannan zamani hatta manyan ayyuka irin tiyatar rage ƙiba ana dogara da wannan allura don marar lafiya ya tashi lafiya bayan an gama aiki.

To, labarin ya faro ne daga tsaunukan Peru da Bolibiya a Kudancin Amurka, inda mutanen wurin suka daɗe suna tauna ganyen wata bishiya mai suna koka, kamar dai yadda muke cin goro don a kori gajiya da yunwa. A shekarar 1860 wani matashin Bajamushe, Albert Niemann, ya tace sinadarin da ke cikin ganyen ya kira shi koken, wanda shi ne muke kira hodar iblis a yau. Ya lura cewa idan ya ɗora shi a harshe sai harshen ya mutu, amma aka shafe fiye da shekara ashirin ba wanda ya kai wannan ilimi ɗakin tiyata.

A lokacin an riga an san maganin sa barci, domin tun 1846 aka gwada sinadarin eta a bainar jama'a a garin Boston. Matsalarsa ita ce yana sa amai bayan an farka, kuma ga wanda aka yi wa aiki a ido yunƙurin amai kaɗai yana iya ɓata aikin. Wannan ne ya dami wani likitan ido a Biyana ta ƙasar Ostiriya, mai suna Karl Koller, ɗan shekara 26, abokin Sigmund Freud. A 1884 ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo ya ga kwaɗon bai ƙifta ba, daga nan ya ɗiga a nasa idon ya taɓa da kan allura bai ji komai ba. Saboda rashin kuɗin mota bai iya zuwa taron likitocin ido na Heidelberg ba, sai wani likita ne ya karanta takardarsa a ranar 15 ga Satumba. Kafin ƙarshen shekarar labari ya game duniya, koken ya yi tsada, kun dai san halin kasuwa idan kaya ya samu karɓuwa.

Amma fa an ce kowane allazi da nasa amanu. A birnin Niyok, wani babban likitan fiɗa, William Halsted, ya gano cewa idan aka zuba koken kusa da jijiya, duk yankin da jijiyar ke kai wa saƙo sai ya mutu. Shi da abokan aikinsa a jikinsu suka riƙa yin gwajin, kafin su ankara maganin ya kama su. Aka kai Halsted asibiti don a raba shi da koken, a can aka ba shi morfin, sai ya fita daga wannan jaraba ya faɗa waccan, kuma da ita ya rayu duk da ɗaukakar da ya samu a asibitin Johns Hopkins. A Jamus kuma, a 1898, August Bier na garin Kiel ya fara allurar baya, irin wadda ake yi wa mata a yau idan za a ciro jariri. Shi ma ya gwada da mataimakinsa Hildebrandt, har da buga masa guduma a ƙwauri bai ji ba, amma daga baya ciwon kai ya kwantar da Bier kwana tara.

Ganin koken yana kama mutane, kuma yana kisa idan ya yi yawa, sai masana suka shiga neman magajinsa. A 1903 Heinrich Braun ya nuna cewa idan aka haɗa maganin da adirenalin, hanyoyin jini na wurin sai su tsuke, maganin ya daɗe yana aiki bai watsu cikin jiki da sauri ba. A 1905 aka fito da firoken wanda Alfred Einhorn ya haɗa, aka sayar da shi da sunan Novocain, shi kuma ba ya sa maye. A 1943 wasu 'yan Suwidin biyu, Nils Löfgren da Bengt Lundqvist, suka samar da lidoken, wanda ya shiga kasuwa a 1948 da sunan Xylocaine, kuma shi ne har gobe aka fi amfani da shi wajen ɗinki da cire haƙori. Sai bufibaken da aka haɗa a 1957, wanda ya fi lidoken daɗewa, domin idan lidoken ya yi awa ɗaya ko biyu, shi yakan kai awa shida ko fiye. Dukkansu aikinsu iri ɗaya ne, suna toshe ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke shiga cikin jijiya, idan kuwa ƙofar ta rufe saƙon zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa, kamar a yanke wayar lantarki a tsakiyar hanya.

Yanzu bari mu waiwayi ɗaya ɓangaren, wato tiyatar rage ƙiba. A 1954 Arnold Kremen da abokan aikinsa a Minnesota ta Amurka suka wallafa aikinsu na tsallake wani babban sashe na ƙaramin hanji don kada jiki ya tsotsi abinci da yawa. Mutane sun rame, amma gudawa da ciwon hanta suka biyo baya, aka yi watsi da hanyar. A 1966 Edward Mason na jihar Iowa, wanda ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ba sa ƙiba, ya fara rage tumbi ya haɗa shi kai tsaye da hanji. A wancan lokaci farke ciki ake yi sosai. Sai a 1994 Alan Wittgrove ya wallafa yadda ya yi aikin ta ƙananan ramuka da kyamara, kuma yawancin ayyukan yau haka ake yin su, har da wanda ake cire kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi.

Mai karatu zai ce, to ina haɗin biri da gada? Ga shi. Maganin da aka saba bayarwa bayan babbar tiyata shi ne morfin da danginsa, su kuwa suna rage ƙarfin numfashi, suna sa amai, suna sa hanji ya yi sanyi. Mai ƙiba sosai sau da yawa yana da lalurar nan ta ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda alamarta ita ce minshari mai ƙarfi, saboda haka morfin mai yawa yana iya zama ajalinsa. Ga shi kuma an yi ɗinki a tumbi, amai ba alheri ba ne. Sannan ana so ya miƙe ya taka a ranar da aka yi aikin, don kada jini ya daskare masa a ƙafa ya tafi huhu, wanda kuwa ke murƙususun ciwo ba zai miƙe ba.

Shi ya sa likitoci suka koma wa jikokin koken. Wani lokaci a zuba bufibaken a bakin ramukan da aka huda, wani lokaci a fesa shi cikin ciki kafin a rufe. A 2001 wani likita mai suna Rafi ya bayyana hanyar zuba maganin tsakanin shimfiɗun tsokar bangon ciki, inda jijiyoyin wurin ke wucewa, sannan a 2007 Hebbard da abokansa a Ostireliya suka nuna yadda za a yi ta da na'urar sikanin, likita yana kallon kan allurar har ta isa wurin. Wannan tana kashe zafin bangon ciki ne, ba ta kai ga zafin kayan ciki, don haka ake haɗa ta da farasitamol da sauransu, a bar morfin sai idan ta kama dole.

Kada wani ya ɗauka allurar ba ta da haɗari. A 1979 George Albright ya ja hankalin likitoci kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan bufibaken ya shiga jini. Alamun farko su ne mutuwar leɓe, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da ƙara a kunne, daga nan sai jijjiga. A 1998 Guy Weinberg ya gano a jikin ɓeraye cewa wani ruwan mai da ake ɗurawa ta jijiya yana karya dafin, kuma a 2006 aka wallafa labarin mutum na farko da aka ceto da shi. Haka nan ga mai ƙiba ba a auna maganin da dukan nauyinsa, domin kitse ba ya ƙara wa zuciya juriya.

Mu nan Nijeriya ba baƙi ba ne ga ɓarnar dangin morfin. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu a tasha da kasuwa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma irin tarkon da ya kama Halsted ke nan. Saboda haka 'yan uwa, duk wanda za a yi wa ɗan uwansa babbar tiyata, a gida ne ko a waje, ya zauna da likitan sa barci tun kafin ranar, ya gaya masa idan marar lafiyan yana minshari ko yana shan wani magani, ya tambayi yadda za a kula da zafi bayan aiki da ko za a yi allurar kashe wuri. Idan an sallamo shi kada a je kemis a sayo masa tiramol, ko maganin ciwon jiki irin su ibufurofen wanda ke iya jawo gyambo a tumbin da aka ɗinke, sai abin da likita ya rubuta. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.