Tsufan farantan sola a Mpape

Farantin sola, mai mayar da hasken rana lantarki, yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Ba ya mutuwa farat ɗaya. Ƙarfinsa ne ke raguwa, kimanin kashi 0.5 cikin 100 kowace shekara.

A Mpape, unguwar duwatsu da ke ƙaramar hukumar Bwari a Abuja, ƙurar fasa dutse da ta hunturu kan lulluɓe gilashin farantin, wuta ta ragu. Wannan ba tsufa ba ne, wanki kawai yake so. Masu tsofar da shi da gaske su ne zafin kwanon rufi, danshin damina, da tsagewar silikon da ke cikinsa idan aka taka shi. Batir da inbata kuwa sukan riga shi lalacewa.