Karfasa

Karfasa kifi ne na ruwan daɗi daga dangin da masana ke kira Cichlidae. A arewacin jihar Kano masunta na kama ta a madatsar ruwa ta Tomas da ke yankin Ɗambatta, da ta Jakara da ke Wasai a Minjibir. Ana gane ta da faɗin jiki da doguwar ƙaya a gadon baya.

Hayayyafarta abar kallo ce. Namijin nau'in Oreochromis niloticus kan haƙa ɗan rami a gindin ruwa, mace ta zuba ƙwai ya barbare su, sai ta kwashe su cikin bakinta. Tana azumi har su ƙyanƙyashe, kuma in 'ya'yan sun firgita sukan ruga su koma bakin uwa.

Karfasa tana da ƙaramar 'yar'uwa, Pelvicachromis pulcher, 'yar asalin kudancin Najeriya da Kamaru, wadda George Boulenger ya bayyana a 1901. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka na ajiye ta a akwatin gilashi mai tsirrai. Cikin macen kan yi ja lokacin aure, ta manna ƙwai a rufin kogo, iyaye biyu su yi gadi.