Tarihin Ruwa Da Noma A Ƙasar Anka

Jama'a, yau za mu ɗauko tarihin ruwa a yammacin Zamfara, watau ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, gama wanda ya san inda mutane su ke shan ruwa, ya san rabin labarinsu.

Sa'ad da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a cikin ƙarni na 18, Zamfarawa suka yi ta ƙaura, har daga bisani sarautarsu ta zauna a Anka, inda Sarkin Zamfara ya ke har yau. Ƙasar da suka zauna a cikinta tana da hali biyu. Damina ta kan yi wata huɗu ko biyar, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, Gulbin Zamfara ya cika ya malale fadamu, ya wuce Gummi ya nufi Jega. Sa'an nan rani ya shigo ya yi wata bakwai, gulbin ya nutse cikin yashi. Ƙarƙashin ƙasar Anka kuwa dutse ne mai tauri, ba ya riƙe ruwa sai a tsage-tsagensa, shi ya sa haƙa rijiya a kan tudu ya ke da wuya. Ashe ruwan yana zuwa da yawa, tsare shi ne aiki.

Kakanninmu sun gane wannan, suka yi dabaru daidai da ƙarfinsu. A tudu suka shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin in fari ya kashe wannan, wancan ya tsira. A fadama suka shuka shinkafa, in ruwa ya janye su yi lambu, su tona yashin gulbi, su kafa jigo suna ba albasa da taba ruwa. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya zama kududdufi, dabbobi su sha har tsakiyar rani. Bayan kaka Fulani su sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, a bar musu burtali da mashaya. Gawo kuma ba a sare shi, gama da damina ya ke zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani 'ya'yansa su zama abincin bisashe. Duk da haka ba a rasa shan wuya ba. Yunwar da aka kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ci mutane da yawa a ƙasar Hausa, farin 1972 zuwa 1974 kuma ya halaka dabbobi ba iyaka.

Bayan wannan fari hukuma ta ga maganin abin shi ne babban aiki. A arewa da Anka, kusa da Talata Mafara, aka datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, wani kamfanin Italiya ya gama ginin a 1978, da nufin ba da ruwa ga gonaki kimanin hekta 23,000. Niyya mai kyau ce, amma ba a shawarci masu ƙasa ba. Aka tashi ƙauyuka, diyya ta yi jinkiri, manoma suka rasa damina suna jiran a gyara gonakinsu. Da suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa. Waɗanda ke gangaren gulbi kuma suka ga ambaliyar da ta saba jiƙa fadamunsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Daga baya, a cikin shekarun 1990, aka zo da shirin fadama da taimakon Bankin Duniya, manomi ya kafa ɗan bututu a lambunsa ya ja ruwa da ƙaramin inji. Wannan ya karɓu, domin ruwan yana hannun mai gona.

To, yanzu mu zo Dareta, wani ƙauye a ƙasar Anka, inda darasin ya fi ɗaci. Dutsen nan da ya hana ƙasar riƙe ruwa, a cikinsa zinariya ta ke. Da kuɗinta ya tashi a kasuwannin duniya, samarin da ba su da aikin rani suka koma haƙa. Suka riƙa kawo duwatsu cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ana wanke garin a tafkuna da bakin rijiyoyi. Ba wanda ya san duwatsun cike su ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe, laka mai guba ta taru a tafkin da dabbobi ke sha. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kafin a shawo kan abin, yara fiye da 400 sun rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. A Dareta da 'Yargalma aka fara gyara a wannan shekara, ana kankare saman ƙasa gida-gida, a binne ta nesa, a zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai shekara ɗari bayan Kakalaba, watau a 2013, aka kai gare ta. Kun ga, ruwa ba ya tsami banza. Da rani yana da abin yi a lambu, da ba duka hannuwa za su tafi rami ba, ruwan da ya yi saura a gari kuwa da ba a ba shi dutse ya wanke ba.

Ko akwai wata hanya? Akwai, ba ta kuwa da nisa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, waɗanda ruwan samansu bai kai namu ba, ƙasarsu ta kusa zama fili fetal. Daga 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka ɗauki abin da su ke kira sassaben zamani. Manomi ba ya tumɓuke kututture in yana sharar gona, sai ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya bar su su girma. Ba kuɗi, ba inji, sai wuƙa da haƙuri. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Saiwa ta riƙe ƙasa, ganye ya zama taki, ruwan sama ya sami damar nutsewa maimakon ya kwashe gona ya yi zaizaya. A wajen Tawa kuma manoma suna haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, su zuba taki, ruwa ya taru a ciki, gero ya fito a inda dā ko ciyawa ba ta tsira.

Abin da tarihin nan ya nuna mana a fili ya ke. Duk aikin da mutanen gari suka riƙe da hannunsu, suka san dokarsa, shi ne ya daɗe. Saboda haka ya kamata hakimai da dagatai su sa a yashe tafkuna da gayya tun kafin ruwa ya sauka, a keɓe wurin wankin dutse nesa da rijiya da mashaya, a maido da burtalin da gonaki suka cinye, gama rikicin makiyayi da manomi yana cikin abubuwan da suka jawo wa Zamfara rashin zaman lafiya. Mu malaman makaranta kuma mu koya wa yara sunan kowane itace na gona da amfaninsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hankalin tsare ta.