Kiɗan Farin Wata

A 1801 wani makaɗi Bajamushe, Beethoven, ya tsara wani kiɗan fiyano, irin wanda a ke kira sonata. Lokacin nan kurumta ta fara kama shi, ga shi kuwa kunne shi ne jarin makaɗi. Farkon kiɗan a hankali ya ke tafiya, kamar mai kuka ba ya so a ji. Ƙarshensa kuwa sai ka ce hadari ya taso.

Sunan nan Farin Wata ba shi ya raɗa ba. Wani marubuci ne, Rellstab, ya kwatanta kiɗan da hasken wata bisa tafkin Lucerne. Mu mutanen Ngaski, da ke gaɓar tafkin Kainji, mun san irin wannan dare. Amma ni in na saurara ba ruwa na ke gani ba, sai ɗan shekara 30 da ke tsoron ranar da zai daina ji.