Yalo da obarjin: tarihin ƙwayar iri daga Sin zuwa garaken Nijar

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, masu kayan miya sukan jera abubuwa biyu a faifai ɗaya: yalo, wanda ake gatsa ɗanye kamar goro, da obarjin mai baƙin jiki da sheƙi, wanda sai an dafa ko an soya. Dangi ɗaya suke da tumatir da tattasai da dankalin turawa, amma kowane da hanyar da ya biyo. Abu guda ya haɗa su: abin da ake ci daga cikinsu ɗanyen ɗa ne wanda irinsa bai ƙosa ba. Mai son iri sai ya haƙura da ɗa mafi kyau, ya bar shi a jikin uwa har ya wuce ci. Saboda haka tarihin waɗannan tsirrai tarihin manoma ne da suka yi wannan haƙuri shekara bayan shekara.

Yalo ɗan Afirka ne, shi da gauta da ɗata. Masana tsirrai suna haɗa su ƙarƙashin suna guda, Solanum aethiopicum, wanda Linne, masanin ƙasar Suwidin, ya raɗa a ƙarni na 18. Asalinsu wani tsiron daji ne mai ƙananan jajayen ƴaƴa masu tsananin ɗaci. Manoma ne suka yi ta zaɓen mai girma da mai sauƙin ɗaci har aka samu nau'o'in da ake gani yanzu. Ba a rubuta sunayen waɗannan manoma ba, amma harshe ya adana shaidar aikinsu: Bahaushe ya bambanta gautar gona da gautan kura na daji, kuma littafin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916 da ƙamus ɗin Bargery na 1934 sun tarar da waɗannan kalmomi daram a bakin mutane. A Senegal ana ce wa wannan tsiro jaxatu, Inyamurai kuwa suna tarbar baƙo da shi kamar yadda ake yi da goro. A zamanin cinikin bayi ya ƙetare teku zuwa Birazil, inda ake kiransa jilo, har yau kuma ana noma shi can.

Obarjin kuwa, ko da yake danginsa na daji daga Afirka suka fito, a Asiya aka mai da shi amfanin gona, tsakanin Indiya da kudancin Sin. Wani ma'aikacin hukuma a Sin mai suna Jia Sixie ya rubuta littafin noma wajen shekara ta 544, kuma a ciki ya bayyana yadda ake fitar da irinsa. A bar ɗa ya nuna sarai, a tsaga shi, a wanke ƙwayoyin cikin ruwa, a ɗauki waɗanda suka nutse, a shanya su da sauri, a ƙulle. In sanyi ya wuce a shuka a fangali, in tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar a dasa shi da ƙasar da ke jikin saiwarsa, a ranar da ake ruwa. A wancan zamani ɗan obarjin ƙarami ne ƙwarai, kewayayye. Rubuce-rubucen Sinawa na ƙarnukan baya sun nuna yadda ya yi ta ƙara girma da tsawo, ɗacinsa yana raguwa, duk ta hanyar zaɓen iri.

Sunansa ma ya isa taswirar tafiyarsa. Daga Indiya kalmar ta shiga Farisanci ta zama badingan, Larabawa suka ce bazinjan, mutanen Kataloniya a Sifaniya suka haɗa da harafin «al» na Larabci suka ce alberginia, daga nan Faransawa suka samu aubergine. A Bagadaza likitoci sun daɗe suna zarginsa da jawo cututtuka saboda ɗacinsa, har masu girki suka gano cewa gishiri da suya suna kashe ɗacin. Wani sanannen abincin bazinjan, buraniyya, ya samo sunansa daga Buran, matar halifa Ma'amun, wadda aka yi bikinta a shekara ta 825. Larabawa suka kai shi Andalus, inda Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya rubuta Kitabul Filaha a ƙarshen ƙarni na 12. Shi ma renon iri ya bayyana: a shuka a wuri mai taki wanda aka kare daga sanyi, a dasa in gari ya yi ɗumi. Turawan arewa sun jima suna tsoronsa, har a Italiya aka riƙa fassara sunansa da «tuffar hauka».

Sunan da ake kiransa da shi a kasuwannin Nijar ya nuna ƙofar da ya fi shigowa ta cikinta, wato garaken da suka kewaye barikokin Faransawa, tare da salati da shu da karoti. Ya daɗe yana abincin birni. Fari ne ya faɗaɗa lamarin. Bayan daminar 1984 ta gaza, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta yi kira ga talakawa su rungumi noman rani, aka gina rijiyoyi, aka raba iri, garake suka yawaita a gulbin Maraɗi, a Maggiya, a Koramar Damagaram da bakin kogin Kwara. Tun daga nan yalo da obarjin suka zama maƙwabta a fangali ɗaya, kuma ɗimbin iyalai suka dogara da kuɗin kayan garka don cike giɓin rumbu.

Abin lura shi ne, hanyar da mai garka yake bi yau ba ta da bambanci sosai da ta littafin 544, domin halin ƙwayar bai sake ba. Ƙanƙanuwa ce, giram ɗaya yana ɗauke da fiye da 200, don haka ba a binne ta fiye da zurfin santimita ɗaya. Tana son ɗumi, tsakanin digiri 25 da 30. A haka takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sanyin hunturu na disamba da janairu yana jinkirta ta, shi ya sa ake rufe fangalin reno da ciyawa har tsiro ya leƙo, sannan a yaye. Ruwa in ya yi yawa yakan ruɓar da tsiron daga gindi. Bayan kwana 30 zuwa 45 ake dashe, da marece, a bar tazarar da ta kai rabin mita, sai a fara tsinka bayan wata biyu zuwa uku. Wanda ba shi da garka yana iya yin duk wannan a tsakar gida cikin tsohon bokiti ko buhu mai huda a ƙasa. Yalo yana da wani hali nasa: sabon irin wasu nau'o'insa yakan yi barci, ya ƙi tsirowa sai ya kwana watanni a ajiye. Manomin da bai san wannan ba sai ya zubar da iri mai kyau yana zaton ya mutu.

A shekarun baya-bayan nan iri yana zuwa cikin ƴan fakiti da gwangwani daga kamfanonin waje. Yana da amfaninsa: tsabta, tsirowa bai ɗaya, yawan ƴaƴa. Sai dai wanda aka rubuta wa F1 haɗin iyaye biyu ne, kuma in aka ɗebi iri daga ƴaƴansa, abin da zai fito baɗi ba zai yi kama da na bana ba. Dole manomi ya koma kanti kowace shekara. A nan hasara biyu take. Ta farko ta aljihu ce. Ta biyu ta fi tsanani, ita ce mantuwa: in tsara ɗaya ta daina barin yalo ya yi ja a jikin uwa, ta daina wanke ƙwaya da shanya ta a inuwa da ajiye ta cikin gora da toka, to nau'in da ya saba da zafin wuri da ɗanɗanon mutanensa zai ɓace ba tare da kowa ya ji labari ba. Masana kimiyya sun san darajar wannan gado. A 2019 aka wallafa taswirar ƙwayoyin halittar yalo, kuma masu gyaran iri suna neman juriyar cututtuka a jikinsa don su ƙarfafa obarjin. A garin Rotonda na kudancin Italiya, jan yalo da aka kawo daga Afirka ya zama abin alfahari har doka tana kare sunansa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Garkar makaranta tana iya zama rumbun wannan sani ba tare da kashe kuɗi ba. Malami zai iya sa ɗalibai su karɓo iri daga tsofaffin masu garka, su rubuta sunan kowane nau'i da garin da ya fito, su jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma su ƙirga nawa suka tsiro cikin kwana 14. Darasin lissafi ke nan, da na kimiyya, da na tarihi a lokaci guda. Ƙungiyoyin al'adu, waɗanda suka saba tattara karin magana da waƙoƙin gargajiya, suna iya haɗawa da sunayen iri da dabarun ajiyarsa, su shirya ranar musayar iri kafin shigar noman rani. Abin da ake bukata daga kowace garka kaɗan ne: gindi biyu ko uku mafi lafiya, a ɗaura masu ƙyalle, a hana tsinkar ƴaƴansu har su nuna.